Ƙwaron Kafet a Wani Gida: Wata Goma Sha Shida Daga Ƙurajen Farko Zuwa Tarkon Ƙarshe

Yadda gidan yake

Gidan yana hawa na biyu na wani bene, ɗakuna biyu da falo. Mutum huɗu ne a ciki, miji da mata da 'ya'yansu biyu, sai kyanwa mai yawan gashi. Ana shara kullum, ana goge ƙasa, wanki ba ya taruwa.

A falo akwai kafet na ulu, mita 3 da mita 4. Doguwar kujera mai nauyi ta danne gefensa ɗaya a jikin bango, kuma ba a taɓa matsar da ita ba tun da aka tare shekara uku da suka wuce. A ƙarƙashin kujerar nan kyanwa take son kwanciya. A ɗakin yara akwai babban kabad na katako wanda ya kusa taɓa silin. A samansa ake ajiye kayan sanyi: barguna biyu na ulu, suwaita, kwat ɗin maigida, da wani mayafi na siliki. Da sanyi ya wuce an ninke su an ɗora, wasu an wanke, wasu da aka sa sau ɗaya ko biyu an ga ba su yi dattin wanki ba. Gadon yarinya yana jingine da kabad ɗin. Can sama, a bayan kabad, akwai kafar shan iska a bango wadda ta ɓulla waje. Kabad ya tare ta, har mutanen gidan sun manta da ita.

Lissafin lokaci a nan ya fara ne daga ranar da aka ga alamar farko.

Mako na 1 zuwa na 4: ƙuraje

Yarinyar, 'yar shekara tara, ita ta fara kuka da ƙaiƙayi. Ƙananan ƙuraje jajaye suka feso mata a wuya da damtse da bayan gwiwa, sun fi damunta da safe in ta tashi. Ƙaninta da ke kwana a ɗaya gadon, a ɗaki guda, ko ƙurji ɗaya bai yi ba. Uwar ta fara zargin sabulu, ta canza shi. Ta zargi sauro, ta ɗaura gidan sauro. Ba abin da ya sauya, sai zargi ya koma kan kuɗin cizo.

A mako na 3 aka fitar da katifa aka bi ɗinkinta da tocila, aka kwance katakon gado. Kuɗin cizo yana barin shaida: baƙaƙen ɗige-ɗige na kashinsa a ɗinkin katifa, tabon jini a zanin gado, da shi kansa ƙwaron maƙale a lungun katako. Ba a ga ko ɗaya ba. Abin da aka gani a bayan gadon, inda ƙura ta taru a gindin bango, wasu 'yan ɓawo ne masu launin ƙasa-ƙasa, da gashi-gashi a jikinsu, ba su da nauyi ko kaɗan, ko numfashi aka yi kusa da su sai su tashi. Aka share su tare da ƙurar, ba wanda ya tsaya dubawa.

Duk da ba a ga kuɗin cizo ba, maigidan ya sayo maganin feshi na gwangwani ya feshe katifa da gado. A mako na 4, da ƙurajen suka ƙi tafiya, aka jefar da katifar aka sayo sabuwa. Likitan da ya duba yarinyar ya ce ƙurajen sun fi kama da na abin da ya taɓa fata ba ta jitu da shi ba, ya ba da man shafawa da maganin ƙaiƙayi. Sukan lafa kwana biyu, su dawo.

Mako na 6 zuwa na 9: huji a kayan sanyi

A mako na 6 aka sauko da bargo ɗaya. Da aka warware shi, sai ga wani wuri mai faɗin kusan santimita 10 a daidai kan ninki, ulun ya cinye har ana hango haske ta ciki, ga ƙananan huji a kewaye. Aka sauko da sauran kayan. Suwaita biyu sun ɓule a hammata da wuya. Kwat ɗin maigida, da aka ɗaga kwalarsa, ƙarƙashinta ya zama faƙo. Mayafin siliki ya sami huji uku. Rigunan auduga da na roba da ke cikin kabad ɗin kuwa, ba abin da ya taɓa su. A cikin ninkin bargon an sake ganin irin 'yan ɓawon nan, tare da wani gari mai laushi wanda launinsa ya yi daidai da na bargon.

Kowa ya ce asu ne. Aka kaɗe kayan, aka mayar da su inda suke, aka sayo kafur aka zuba a saman kabad da cikinsa. Ƙofar kabad ɗin ba ta rufuwa ƙam, saman kuma a buɗe yake, don haka warin ya cika ɗakin da yaran ke kwana. Bayan kwana goma uwar ta kwashe mafi yawansa saboda ɗakin ya ƙi zaunuwa. A mako na 9 da aka sake dubawa, hujin bargon ya ƙara faɗi, bargo na biyu ma ya fara.

Wata na 3: ƙwari a taga

Yanayi ya yi ɗumi, furanni sun buɗe a waje. A daidai wannan lokaci aka fara ganin wasu ƙananan ƙwari a kan dakalin tagar ɗakin yara da ta falo. Zagayayyu ne, tsawonsu milimita 2 zuwa 3, bayansu da dabbare-dabbaren fari da rawaya da baƙi. Suna tafiya a hankali a jikin gilashi, in an taɓa su da yatsa sai su naɗe ƙafafu su yi lamo kamar sun mutu. Da safe akan share biyar ko shida, wata rana fiye.

Babu wanda ya haɗa su da hujin bargo, balle da ƙurajen yarinya. An ɗauka daga waje suke shigowa. Maigida ya ci gaba da feshi a tagogi, daga baya ya sayo irin maganin nan da ake kunnawa a tsakar ɗaki, a rufe gida a fita, hayaƙinsa ya cika ko'ina. Da aka dawo an share matattun ƙwari da dama, aka yi mako guda ba a ga ko ɗaya ba. Sannan suka dawo. Bayan kamar mako biyar da fara fitowarsu suka ɗauke gaba ɗaya, mutanen gidan suka ɗauka magani ne ya ci.

Wata na 4: an gane ko mene ne

Wata rana uwargida ta sa aka ja doguwar kujerar falo don a ɗauko abin da ya gangara ƙarƙashinta. Gefen kafet ɗin da kujera ta danne, tun daga wannan kusurwa har waccan, gashinsa ya ƙare, sai zaren ƙasa tsirara. Ƙura da gashin kyanwa sun yi dunƙule-dunƙule a gindin bango. Da ta ɗaga bakin kafet ɗin, sai ga tsutsotsi da ransu, gajeru, masu gashi, suna rarrafe a hankali suna neman duhu. Ta kwashi kaɗan ta zuba a kwalba, ta haɗa da matattun ƙwarin da ta samu a lungun taga, ta kira wani ƙwararren mai maganin ƙwari.

Da ya zo bai taɓa injin feshinsa ba. Ya zazzage kwalbar a kan farar takarda, ya duba da gilashin ƙara girma, ya ce: "Hajiya, wannan na tagar da wannan mai gashin abu ɗaya ne. Wancan shi ya haifi wannan, kuma mai gashin ne yake cinye miki kaya."

Ƙwaron kafet ne, irin wanda masana ke kira Anthrenus verbasci, ɗaya daga cikin dangin ƙwarin da ake kira Dermestidae. Babban ƙwaron ba ya cin tufafi sam. Abincinsa garin fure ne da ruwan zaƙin fure, yana tashi sama, kuma haske yana jan sa, shi ya sa ake samun sa a taga. Rayuwarsa 'yan makonni ce. Tamatar tana yin ƙwai kusan 40, tana saka su a inda 'ya'yan za su sami abinci da zarar sun ƙyanƙyashe, wato cikin kwana 10 zuwa 20. Tsutsar da ta fito ita ce mai ɓarna. In ta girma takan kai milimita 4 zuwa 5, jikinta da zane-zanen ruwan ƙasa mai haske da mai duhu a gicciye, ta fi faɗi ta wajen wutsiya, inda take da tukkayen gashi da take buɗewa in an tsokane ta. Tana iya yin wata bakwai har zuwa kusan shekara biyu a matsayin tsutsa, gwargwadon ɗumi da abinci, kafin ta kwanta kamar mako biyu ta fito babban ƙwaro. A tsawon wannan lokaci takan yi saɓa sau da yawa. 'Yan ɓawon da aka share a bayan gado tun mako na 3, saɓarta ce. Garin da ke cikin ninkin bargo kuwa kashinta ne, wanda yake ɗaukar launin abin da ta ci.

Abincinta duk abin da ya fito daga jikin dabba ne: ulu, siliki, gashin mutum da na dabba, gashin tsuntsu, fata, busassun matattun ƙwari. Tana daga cikin 'yan halittun da cikinsu ke narkar da keratin, sinadarin da gashi da farce suka ginu da shi. Auduga da yadin roba ba abincinta ba ne, sai dai in an gauraya su da ulu ko sun sha gumi da maiƙo. Wannan ne ya sa ɓarnar ta tsaya a hammata da kwala, wuraren da gumi ke zama, ta kuma tsallake rigunan auduga.

Ya nuna musu abin da ya raba ta da asu. Tsutsar asu tana barin zaren saƙa fari manne da yadi, ko wani ɗan kwanso da take ja, kuma hujinta a warwatse yake. Ta ƙwaron kafet ba ta saƙa komai, ta fi zama wuri guda ta cinye shi da faɗi, ta bar saɓa. Ya kuma ce akwai ɗan'uwansa baƙi, Attagenus unicolor, wanda ya fi shi girma kaɗan, milimita 3 zuwa 5, tsutsarsa doguwa ce mai sheƙi, ta tsuke ta wajen wutsiya, da dogon gashi a ƙarshenta. Shi wannan yakan shiga har cikin busasshen abincin da aka adana, don haka in shi aka gani dole a duba ma'ajiyar abinci. A wannan gidan ba a same shi ba.

Game da ƙurajen, ya ce ƙwaron kafet ba ya cizo, babba ko tsutsa. Gashin tsutsar ne ke karyewa ya shiga ƙura da zanin gado da tufafi, kuma wasu mutane fatarsu ba ta jure shi, wasu ko a jikinsu. Ya ce a koma wa likita da wannan bayani, shi ba zai yanke hukunci a kan fatar yarinya ba.

Wata na 4 zuwa na 5: sharar farko

An ɗauki kwana huɗu ana aiki. Aka ari injin zuƙe ƙura, aka sa masa siririn baki, aka bi gindin bango duka, da tsagar katakon da ke gindin bangon, da ƙarƙashin kujeru da tsakanin kushin, da bayan gadaje, da cikin kabad. Aka juya kafet aka zuƙe sama da ƙasa. Duk lokacin da aka gama, sai a ƙulle abin da injin ya tara a leda a fitar da shi daga gidan nan take, don tsutsa tana iya ci gaba da rayuwa a cikin injin, tunda abincinta ne cike a ciki.

Zannuwan gado da duk kayan da ke jure zafi aka wanke da ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Selshiyos. Ulu ba ya jure wannan zafi, yana tsukewa, don haka suwaita da mayafin siliki aka sa su a leda, aka matse iskar aka ƙulle, aka jefa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har kwana 14. Da aka fitar an bar su cikin ledar yini guda ba a buɗe ba, don raɓar da ke taruwa ta tsaya a bayan leda kada ta jiƙa kayan. Kwat aka kai wa masu wanki da sinadari. Bargon farko ya wuce gyara, aka ƙulle shi a leda aka zubar. Na biyu ya fi ƙarfin firizar gidan, sai aka shanya shi a rana yini biyu ana goge shi da buroshi, ana bin ninki da ɗinki, sannan aka mayar da shi saman kabad a buɗe.

Bayan shara ne mai maganin ya yi feshi, shi ma a wurare ƙalilan: gindin bangon falo, tsagogi, da ƙarƙashin gefen kafet. Maganin irin mai zama a wuri ne na tsawon makonni. Bai fesa a tufafi ko shimfiɗa ba, kuma ya sa an fitar da kyanwa har sai da wurin ya bushe sarai, domin wasu magungunan wannan aji, musamman permethrin, guba ne ga kyanwa. Ya ajiye tarkunan gam guda shida, ya rubuta kwanan wata a bayan kowanne: biyu a falo, ɗaya a ɗakin iyaye, ɗaya a bayan gadon yarinya, ɗaya cikin kabad, ɗaya a samansa. Ya tambaya ko akwai sheƙar tsuntsu ko ta rina a jikin ginin, ko ɓera ya taɓa mutuwa a silin. Aka ce babu. Kabad ɗin ba a matsar da shi ba saboda nauyi.

Ƙurajen yarinya suka ragu ƙwarai cikin mako biyu.

Wata na 7: sun dawo

Ana duba tarkuna duk mako biyu. Na falo sun kama tsutsa kaɗan a wata na 5, a wata na 6 ɗaya kacal, daga nan shiru. Na ɗakin iyaye bai taɓa kama komai ba. Na saman kabad ne ya ƙi yin shiru, kuma a wata na 7 aka same shi da tsutsa 14, yawancinsu ƙanana, ba su kai milimita 2 ba. Na bayan gadon yarinya ya kama huɗu. Bargon da aka mayar a buɗe ya yi sabbin huji, yarinya ta soma susa kuma.

Maigida ya so a sake feshe gidan duka da magani mai ƙarfi. Mai maganin ya jera tarkunan shida a ƙasa bisa wuraren da aka ɗauko su, ya nuna masa cewa falo ya warke, kuma yawan tsutsar yana ƙaruwa ne gwargwadon kusancin tarko da saman kabad. Ƙananan tsutsa kuma sabon ƙyanƙyasa ne, ba ragowar waɗanda shara ta tsallake ba. Ya ce a ja kabad ɗin.

Mutum uku suka ja shi. A bangon, ƙarƙashin kafar shan iska, ƙura ta yi layi zuwa ƙasa, saɓa manne a cikinta birjik. Da aka kwance ragar ciki aka haska tocila, ramin ya cika maƙil da tsohuwar sheƙa: busasshiyar ciyawa, gashin tsuntsu, kashi, matattun ƙudaje, da gawar ɗan tsako da ta bushe ƙayau. Ragar waje ta yage, ta nan tsuntsayen suka shiga. Suna motsa ciyawar sai tsutsotsi suka fara zubowa, manya da ƙanana.

Sheƙar tsuntsu na daga cikin wuraren da wannan ƙwaro yake rayuwa tun asali, kafin ma a zo maganar kafet da bargo. Muddin akwai gashi da matattun abubuwa a cikinta tsutsa tana nan zaune, in abincin ya yi ƙaranci ko sun yi yawa sai su bazu neman wani. A nan ba su yi tafiya mai nisa ba, ƙasa da rabin mita ne tsakanin bakin kafar da kayan ulun da ke saman kabad, gadon yarinya kuma yana ƙasa daidai saitin wurin.

Sai da aka tabbatar babu ƙwai ko tsako mai rai kafin a taɓa sheƙar, kuma a ƙasashe da dama doka ma ta hana rushe sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya kwashe komai cikin buhun leda biyu ya ƙulle. Aka zuƙe ramin da injin, aka wanke, aka bar shi ya bushe, aka busa ɗan garin silika a ciki, irin wanda ke busar da jikin ƙwaro, tunda wuri ne da hannun yara da kyanwa ba sa kaiwa. Aka sa sabuwar raga mai ƙananan idanu a waje da ciki. Aka toshe tsagar katakon gindin bango a ɗakin.

Kayan ulu duka aka sake bi da su ta firiza, bargon kuma aka kai shi wankin sinadari. A wannan karon ba a mayar da komai a buɗe ba. Kowane kaya sai da ya zama wankakke kuma busasshe sannan aka sa shi a robar ajiya mai murfin da ke rufuwa ƙam. Kabad ɗin aka bar tazarar santimita 15 tsakaninsa da bango yadda bakin injin zai shiga.

Wata na 8 zuwa na 16: sa ido

Aka sa sabbin tarkuna a wuraren da. A wata na 8 na saman kabad ya kama uku, a wata na 9 ɗaya, daga wata na 10 bai sake kama komai ba. Ƙurajen yarinya suka tafi cikin mako uku da cire sheƙar, ba su dawo ba. Gidan ya sayi injin zuƙe ƙura nasa. Ana bin gindin bango da ƙarƙashin kujera duk mako, ana ja doguwar kujerar sau ɗaya a wata, ana taje kyanwa a zubar da gashin nan take. An yanke gefen kafet da ya cinye aka ɗinke bakinsa.

A wata na 15, da lokacin furanni ya zagayo, an ga manyan ƙwari uku a taga cikin dukan makonnin. Aka buɗe robobin ajiya, aka ɗaga kafet, aka leƙa kafar iska, ba saɓa, ba sabon huji. A ƙarshen wata na 16 aka daina lissafi, an dai bar tarko biyu a ajiye.

Abin da ya ci, abin da bai ci ba, da dalili

Wata uku na farko an bar jaki ana dukan taiki. Katifar da aka jefar ba ta da laifi, kuma binciken da aka yi mata ya riga ya nuna hakan. Shaidar gaskiya tana gaban ido tun mako na 3, a cikin ƙurar bayan gado. Da an ɗauki ɓawo ɗaya a jikin salatif an nuna wa wanda ya sani, da an tsira da katifa da bargo ɗaya, da kuma watannin da yarinya ta yi tana susa.

Feshin gwangwani da maganin hayaƙi sun kashe manyan ƙwari, waɗanda ba sa cin kaya kuma kwanansu ƙalilan ne ko ba a taɓa su ba. Hayaƙin yana sauka ne a kan abin da ke fili, ba ya shiga ƙarƙashin kafet da kujera ta danne, ko cikin ninkin bargo, ko ramin bango. Ɗaukewar ƙwarin a ƙarshen wata na 3 lokacinsu ne ya wuce, kuma sun riga sun zuba ƙwai. Wannan shiru ya fi komai yaudarar gidan.

Kafur shi ne matakin da na fi jin takaicinsa, don ya haɗa rashin amfani da haɗari. Tururinsa ba ya kashe tsutsa sai ya taru sosai a cikin abin da ke rufe ƙam. A buɗaɗɗen kabad tsutsa ta ci gaba da cin abincinta, yara biyu kuma suka kwana goma suna shaƙa. Kafur mai sinadarin naftalin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga waɗanda aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare waɗannan ƙwayoyin, yaro ƙarami kuma yana iya ɗauka ya kai baki. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur ɗin tun 2008.

Sharar farko aiki ne mai kyau, kuma ita ta warkar da falo, inda abincin tsutsa shi ne ulun kafet da gashin kyanwa. A ganina injin zuƙe ƙura ya fi feshin da ya biyo bayansa tasiri a can, domin ya kwashe ƙwai da tsutsa da abincinsu a lokaci guda. Ta gaza a ɗakin yara ta fuska biyu. An yarda da amsar "babu sheƙa" ba tare da an je an duba ba, kuma shi kansa mai maganin ya kamata ya dage a ja kabad tun zuwan farko, tunda a samansa ɓarnar ta fara. An kuma mayar da bargo a buɗe bayan shanya kawai. Rana da buroshi suna kakkaɓe tsutsa, amma ba su da tabbas a kan ƙwai da ke cikin bargo mai kauri, kuma ko da ya fita tsaf, an sake ajiye shi ne a bakin inda suke fitowa.

Tarkunan gam ba su rage yawan ƙwarin da wani abin kirki ba, amma su ne suka nuna inda za a duba, saboda an baza su a wurare daban-daban an kuma rubuta abin da kowanne ya kama. Ba don su ba da an sake feshe gidan duka, a sami shiru na wata biyu, sheƙar tana nan.

Jira har wata na 16 ma yana da dalili. Tsutsar da ke iya yin fiye da shekara ba ta zama ƙwaro ba, shirun wata biyu ko uku ba ya tabbatar da ƙarewarta, sai an ga yadda lokacin fitowar manya na gaba ya kasance. Ƙwari ukun da aka gani a wata na 15 suna iya zama ragowar gidan, suna kuma iya zama baƙi daga furannin waje, tunda suna tashi kuma taga na buɗewa. Ganin ɗaya ko biyu a taga ba dalilin feshi ba ne. Dalili ne na a ɗauki tocila a ɗaga gefen kafet, a buɗe robar ajiya, a leƙa kafar iska da cikin fitilun silin inda matattun ƙwari ke taruwa, a nemi saɓa.